Kakarsa ta ce gashi da tawul ake yi

Anti, don girman Allah ki taimaka mini da shawara, kuma kada wasiƙata ta daɗe a layi, domin gwiwar ɗana ba za ta tsaya jiran in gama jin kunya ba.

Ni malamar firamare ce. Mijina yana da ɗan gidan burodi a bayan layinmu, shi da ƙaninsa suke gudanar da shi. Babban ɗanmu shekararsa bakwai, a gida Tarwaɗa muke ce masa, saboda tun yana rarrafe hannu ba ya iya riƙe shi. Kwanakin baya ya bi ƙwallo ya faɗa titi, babur ya kwashe shi, ƙashin cinyarsa ta hagu ya karye dab da gwiwa. Ba zan ba ki labarin wannan yini ba. An yi masa aiki, an sa ƙarfe, likita ya ce ƙashi yana kamawa yadda ake so. Mun gode Allah.

In kin shigo ɗakin yaran da muke kwance sai ki rantse ba jinya muke yi ba. Gadonmu ne na bakin taga. Babansa yana kawo burodi da ɗuminsa kowace safiya, a raba wa ɗaki duka, har masu shara sun san takunsa. Ƙanwata ta ɗauke mini wanki. 'Yan ajina sun aiko masa da zane-zane mun manna a bango, a ɗaya an zana shi da ƙafa uku, wai ko da ɗayar ta ƙi. Ƙanwarsa ta ba shi aron 'yar tsanarta, da sharaɗin ya dawo da ita bai cire mata kai ba.

Sai kuma kakarsa, mahaifiyar mijina. Anti, ina so ki fahimce ni tun yanzu, ba ƙarar suruka na kawo ba. Matar nan tun ranar da abin ya faru ta naɗo tabarmarta da filas da rediyo ta tare a gindin gadon. Ita ta riƙe ni lokacin da aka shiga da shi ɗakin tiyata, ita take kora ta gida in yi wanka in ga ƙaramar, ita ta sa na koma aji rabin yini. Ƙafafunta ciwo suke yi, amma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Ita da Tarwaɗa kuwa sai wanda ya gani. Tana ce masa maigida, yana ce mata in shayi ya sake hucewa ta tattara kayanta ta tafi gidansu, ita kuma ta ce wa zai zauna da miji mai ƙafar ƙarfe in ba ita ba. Duk ɗaki a yi ta dariya, har yaran da ba sa iya tashi.

Matsalar ta fara ne ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta ce daga gobe za a fara kai shi gashi. Mu manya mun san gashin ƙashi take nufi, wato sashen da ake motsa wa mutum gaɓoɓi. To amma yaron nan a bakin tanda ya tashi, abin da ya sani ana gasawa shi ne burodi. Baffansa kuma, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce ai sai an shafe shi da bota tukuna, kuma a roƙi mai gashin kada ya bari gefen ya ƙone. Muka yi dariya, ni ma na yi. Ban lura yaron ya ɗauki maganar da gaske ba. Washegari da aka turo keken marasa lafiya ya ƙanƙame ƙarfen gado da hannu biyu yana ihu wai shi bai yi laifin komai ba. Sai da kakarsa ta lallaɓa shi ya faɗa mata a kunne abin da yake tsoro. Baffan ya sha faɗa, har yau in zai shigo sai ya leƙo ya ga ko tsohuwa tana riƙe da mafici.

Mun yi masa bayani, an kai shi ya ga babu wuta a ɗakin, sai katifu da ƙarafunan dafawa da wata ƙatuwar ƙwallo. Na ɗauka shi ke nan. Ashe ita ma kakar da nata gashin a ranta. A wurinta gashi shi ne a tsoma tawul a ruwan zafi a daddanna wurin ciwo, haka ta yi wa 'ya'yanta duk wanda ya yi targaɗe. Ta bi mu ɗakin tana neman inda tukunya take, sai ta ga wani saurayi ya kama ƙafar jikanta yana lanƙwasawa a hankali, yaro yana tsala kuka. Nan take ta ce wannan ba gashi ba ne, karaya ta biyu ake nema, ta tambayi saurayin ko uwarsa ta san irin aikin da yake yi.

Tun daga ranar ta karɓe aikin. Da safe ta juye ruwan filas a roba ta gasa masa ƙafar da tawul, in mai gashin ya aiko a kawo shi ta ce a gaya masa ya huta, an riga an yi. In ya zo da kansa ta tare shi da burodi da addu'a da labarin ciwon ƙafarta har lokacinsa ya ƙare, bawan Allah ga shi da kunya, sai ya duba agogo ya wuce gado na gaba. Tarwaɗa kuwa ya samu lauya. Da ya hango farar riga sai ya lumshe ido ya hau minshari, wani lokacin da guntun burodi a hannunsa.

Jiya likitan da ya yi aikin ya gwada gwiwar, fuskarsa ta canza. Ya ce ta fara sandarewa, in aka ci gaba a haka za ta iya ƙin lanƙwasuwa yadda ya kamata, ko kuma sai an sake mayar da shi ɗakin tiyata. Lokacin kaka ta fita alwala. Na gaya wa mijina, ya ce mu mata mu daidaita, shi ba zai iya ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, ya ɗauki farantan burodinsa ya gudu. Shugabar ma'aikatan jinya ta ja ni gefe ta ce dokarsu ma mai jinya ɗaya ce, sun kau da kai ne kawai, in na yarda gobe za ta ce doka ta tsananta, tsohuwa ta koma gida, babu wanda zai san da bakina.

Ga ni nan, Anti. Ina iya tsawatar wa aji guda su yi shiru, amma na kasa buɗe baki gaban tsohuwa ɗaya. Kuma tunda ba ki san ni ba bari in faɗi wadda ban faɗa wa kowa ba: duk ranar da ta kori mai gashin, wani sanyi nake ji a raina, don ni ma ba na iya jin kukan. Ranar farko ma baranda na gudu na toshe kunne. In ce wa shugabar ta aiwatar? In tsohuwar ta gane, da wane ido zan kalle ta bayan duk abin da ta yi mana? In kuma na yi shiru yaron ya tashi yana jan ƙafa, me zan ce masa?

Uwar Tarwaɗa

Amsa

Uwar Tarwaɗa, sannu da jinya, Allah Ya ƙara sauƙi. Na yi dariya a wurare da dama cikin wasiƙarki, kuma hakan ya nuna mini yaron yana hannu nagari. Amma maganar likita ba ta wasa ba ce, don haka bari mu fara da abin da ba ya cikin ciniki: gobe Tarwaɗa zai koma wurin mai gashin, jibi ma haka, har sai likita ya ce ya isa. Abin da ya rage mu tattauna shi ne ta wace hanya.

Shawarar shugabar ma'aikatan jinya da kyakkyawar niyya ta ba ki, amma ban goyi baya ba. Ɗakin jinya ba ya riƙe sirri, inda masu shara suka san takun mijinki, za su san wanda ya kori kaka. Ko da ma ba ta taɓa ganewa ba, za ki raba yaro da mutumin da ya fi sa shi dariya, a daidai makon da zai fi buƙatar dariyar. Ki yi wa shugabar godiya, ki ce ta ɗan dakata.

Ki lura da wani abu. Surukarki ba ta ƙi magani ba. A ganinta an ce gashi, ita kuma ta fi saurayin nan iya gashi, kuma tana yi kullum ba fashi. Kalma ɗaya ce ta raba ku gida uku: yaro ya ji tanda, kaka ta ji tawul, asibiti yana nufin motsa gaɓa. An zauna an warware wa yaro tasa, ita kuwa babu wanda ya warware mata. Hukuncin likita ma tana wajen alwala aka faɗe shi. Kina neman ta ji tsoron abin da ba a gaya mata ba.

Saboda haka ki roƙi likitan da ya yi aikin, shi da kansa, ya yi mata bayani tana zaune a gabansa. Ki faɗa masa tun kafin ya shigo cewa ya bar maganar tsoka da jijiya, ya gaya mata abin da gwiwa mai sandarewa take hana mutum: tsugunno, durƙuso a salla, hawa keke, zama a ƙasa a ci abinci da 'yan'uwa. Mace mai ciwon ƙafa ba ta buƙatar a yi mata dogon sharhi a kan wannan. A zaman nan ku tambaye shi batun tawul ɗin. Ni ba likita ba ce, amma ruwan zafi kusa da wurin da aka yi aiki ba abin da za a ci gaba da yi ba ne sai da izininsa. In ya ce a daina, a daina. In ya ce akwai inda za ta iya dannawa, kin ga ta samu nata aikin da hatimin asibiti. Daga ranar kuma ku sauya wa abin suna a bakinku, ku ce atisaye ko motsa ƙafa, ku bar wa gidan burodi kalmarsa.

Tsohuwar tana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ya kamata a ba ta. Kukan yaro ba abin rainawa ba ne. Akwai zafin da ba makawa a irin wannan aiki, akwai kuma wanda za a iya ragewa. Ki tambaya ko za a daidaita lokacin maganin rage zafi da lokacin atisayen, ko za a gajarta zaman a yawaita shi, kuma wane irin kuka ne alamar a dakata. In ta ga an ɗauki damuwarta da muhimmanci, rabin faɗan ya mutu. Saurayin ma ki yi masa magana a gefe: ya karɓi burodin in yana so, amma ya ci bayan ya gama aiki.

Mijinki kuma ki gaya masa na ce babu wanda ya nemi ya ɗaga murya. Zama ake nema. Ya bar wa ƙaninsa tanda na awa ɗaya, tunda dai baffan yana da bashin da zai biya, ya zo ya zauna kusa da mahaifiyarsa lokacin da likita yake bayani, ya ce mata shi ma abin da yake so ke nan. Magana ɗaya daga bakin ɗanta ta fi goma daga naki sauƙin haɗiya, kuma ba adalci ba ne a bar wa matar ɗa aikin da yake na ɗa. In an yi duk wannan ta ci gaba da tare hanya, to shi zai ce mata ta riƙa zuwa da yamma bayan an gama, a fili, da ladabi, ba a fake da wata doka ba. Za ta yi fushi, fushin kaka kuwa yana hucewa. Gwiwa in ta sandare ba ta da wannan halin.

Saura ke. Na gode da kika faɗi abin da kika ɓoye, kuma babu uwar da za ta zarge ki. Sai dai ki duba da kyau, kunyar suruka ta yi miki rumfa, kin shiga kin fake. Muddin tana korar mai gashin, ke ba sai kin ji kukan ba, kuma ba ke kika hana ba. Yaro mai wayon Tarwaɗa ya riga ya karanta wannan a fuskarki. Ranar da ya ga uwarsa ta tsaya a kansa, ta riƙe hannunsa, ta ce ta san da zafi kuma za a yi, minsharin ƙarya zai ragu. Ki gaya masa gaskiya kafin a fara, kada ki ce ba zafi. Ki nemi mai gashin ya nuna muku inda gwiwar take kaiwa yau, don yaron ya riƙa ganin ci gabansa da idonsa. In hawaye ya zo miki ki bar shi ya zubo, amma ki tsaya a ɗakin. Kaka ta riƙe hannu ɗaya in za ta iya, ke ki riƙe ɗayan. In ba za ta iya ba, ta jira a waje da shayin maigidanta, ke ce ba ki da izinin fita.

Ina yi wa Tarwaɗa fatan sauƙi mai ɗorewa, ina gaida kaka da aiki, ke kuma Allah Ya ba ki ƙarfin zuciyar gobe da safe. Ya nuna miki ranar da za ki rasa inda ya shiga, ki fita layi kina ƙwala masa kira.