Tafintan Zungeru

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taki?

Ina sanar da ke a hukumance cewa na ƙaurace wa teburin mai shayin Tudun Fulani.

Kin san maƙwabcina Ndagi. Shi ya ce a gaban jama'a karatuna bai wuce tatsuniya ba. Wata uku ina neman hanyar ramawa. Sai na samu wani ƙagaggen labari kan Zungeru zamanin Turawa, mai wani tafinta da ke juya maganar talakawa a gaban Bature har a yi musu bulala. Ndagi kuwa kullum taƙamarsa kakansa ya yi aiki can. Na kai littafin, na karanta babin da ƙarfi, na ce, "Ndagi, ga kakanka!"

Kowa ya yi dariya ban da tsoho Baba Audu. Ya ce, "Kakan Ndagi kuku ne. Naka ne tafinta, ɗana."

Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?

Ki gaida maigidan, ki sa ni a addu'a. Har yanzu ban yafe wa Ndagi ba, amma wannan karon ni ne marar gaskiya.

Ƙaninki,
Sule