Sabar Baffa Ta Amsa

Daren Talata, Alsahafa

Yau dai ta amsa. Kwana huɗu kwamfutar shagon Baffa Isiyaku a kasuwar Umdurman tana kiran sabar, wato babbar kwamfutar da na kafa a sitonsa na nan Alsahafa, tana tambayar kayan da suka rage, shiru. Jiya a gaban mutane ya ce, "Hauwa, gara in koma aika direba ya tsallaka kogi ta kubri ya dubo mini." Maganar ta tsaya mini a rai.

Na san aikina ba shi da aibi, don a cikin sito yana tafiya tsaf. Da hantsi kowa ya tafi cin ful, dafaffen waken nan, na zauna ina bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Ashe in aka nemi adireshin sabar, sai ta ba da wanda kowace kwamfuta ke kiran kanta da shi. Ta shago kuwa ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar kanta. Layi ɗaya na gyara.

Bayan la'asar na je shagon. Wata mata tana neman shuɗin yadi. Baffa ya danna da yatsa ɗaya, yana hararar allon. Kafin ya ajiye kofin shayinsa amsa ta zo: akwai.

Da na yi masa bayani ya ce, "Wato an tambaye ta ina take, ta ce gida."

Matar ta sake tambayar wani yadin. Ya nuna ni da haɓa. "Tambayi bashmuhandisa."

Shekara biyu da gama karatun injiniya, sai yau ya kira ni da sunan: babbar injiniya.