Lamba Shida

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya sake ƙona burodi. Ina wanka na ji ƙauri, na fito da kumfa a kunne. Tostar nan, na'urar gasa burodi, lambobinta ɗaya zuwa shida ne. Ni a uku nake barinta, shi kuwa sai ya murɗa ta har ƙarshe. Burodi ya fito baƙi ƙirin, ya zauna yana kankare shi da wuƙa hankali kwance. Don Allah wanda ya ƙera abin nan, shidan ta mece ce? Wa ke cin gawayi?

Laraba, 5 ga Maris

Na liƙa salatif a kan uku. Baba ya ɓare shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Yaya ya kira, na yi suɓutar baki na gaya masa, ga shi ina cizon yatsa. Wai, "Auta, haka ruɗewar tsufa ke farawa. Yau burodi, gobe gas." So yake ya ɗauke Baba zuwa gidansa, a samo mai kula da shi, a hana shi shiga kicin. Tun da Umma ta rasu Baba ya dawo wurina, shayin safe da burodin nan ne kaɗai abin da yake yi da hannunsa. In an raba shi da su, me ya rage masa? To in Yaya ne da gaskiya fa? Na kasa zama a ofis, in tashi, in zauna, in duba waya.

Asabar, 8 ga Maris

Na yi ta jan Baba da hira, ina tambayarsa yau wace rana, da sunayen jikoki. Ya dube ni ta saman tabarau: "Jarrabawa ce? In ɗauko biro?" Kunya kamar in nutse. Da na tambayi maganar shida, cewa ya yi, "A nan mahaifiyarki take sa ta." Umma da ko ƙauri ba a taɓa ji a kicinta ba! Wannan amsar ta fi komai tayar mini da hankali.

Lahadi, 9 ga Maris

Na ɓoye tostar a saman kabad. Bai tambaya ba. Ya sha shayinsa haka nan, yana kallon inda take zama. Ban ji daɗin kaina ba.

Talata, 11 ga Maris

Na je tsohon gidanmu kwasar kaya. Ashe ba wanda ya kashe firiza. Ina buɗewa sai ga burodi leda-leda, yankakke, an ƙulle bibbiyu, ya daskare kamar katako. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Na manta shagon burodi na da nisa da su, da yawa Umma take saye ta daskarar.

Na kawo gida, na sauko da tostar. A uku, bayansa ɗumi, cikinsa ƙanƙara. A shida ya fito ja, lafiyayye. Ashe amfaninta ke nan. Baba ya ɗauki guda yana jujjuya shi, ya ce, "Yankanta ne. Kullum gefe ɗaya ya fi kauri." Bai ci ba sai da ya huce.

Ko ya san nawa burodin ba daskararre ba ne? Ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ce wa Yaya Baba na nan wurina. Ya yi ta faɗa, na bar shi ya gaji don kansa.

Jiya na yanka burodi na sa a firiza. Saboda saurin bushewarsa ne kawai, ba wani abu ba. Wuƙar ce ma ba kaifi, shi ya sa gefe ɗaya ya fi kauri.