Kujerata a Jirgin Lawali

Zuwa ga mai girma Shugaban Kwamitin Baje Kolin Ƙere-ƙeren Matasa, da duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gaida iyali, ina gaida aiki, ina yi maka barka da shigowar kaka. Ni ce Tumba, tsohuwa a Anka, kakar Lawali mai walda ta wajen uba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga baƙi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Ranka ya daɗe, ga kacici-kacici, tunda an ce bokonku mai zurfi ne. Mene ne yana da fukafukai bai taɓa tashi ba, yana da agogai jere bai san lokacin azahar ba, an yi shi da gadon tsohuwa amma tsohuwar ba ta da wurin zama a ciki? Riƙe garinka, ba sai ka ba ni ba. Jirgin saman da jikana ya ƙera ne a bayan gidanmu, wanda kuka ce za a kai filinku in an gama girbi.

Na ɗaya. Sa'ad da Lawali ya fara aikin nan yana da kwanon rufi na fukafukai, da injin ban-ruwa, da tayoyin baro, farfela ma ya sassaƙa ta da icen maɗaci. Abin da ya rasa shi ne dogon ƙarfe mai rami, marar nauyi, da zai zama jikin jirgin. Ya zaga kasuwar Bukkuyum, ya zaga ta Gummi, bai samu ba. Sai ya tsiri zuwa gaishe ni safe da yamma, bakinsa na gaisuwa idonsa na kan gadona. Gado ne mai rumfa, wanda babana ya saya mini da zan yi aure, a kansa na haifi uban Lawalin. Ka san a wurinmu mace ba ta fitar da gadon aurenta, ɗiya ake bar wa ko jika mace, ni ma ƙanwar Lawali na ajiye wa. Matan gida suka ce tsufa ya taɓa ni. Na ba shi, amma da sharaɗi guda: kujera biyu, tasa a gaba, tawa a baya. Ya zaunar da ni kan turmi ya auna ni da igiya, ya ce, "Kaka, ke ce fasinja ta farko, ko gwamna sai bayanki." Ni na ɗinka matashin kujerar da audugar rimi. Tun ranar a gadon kara nake kwana, bayana ne shaida.

Na biyu. Da damina kuka aiko injiniyanku. Ya zaga jirgi, ya tafa, ya shanye mini fura ƙwarya guda, sannan ya ce ba za a bar shi ya shiga fili ba sai an sa masa allo a gaban matuƙi, mai agogon gudu, da na zafin inji, da na mai, da wanda ke nuna nisa daga ƙasa, da oba-oba ta magana. Na tambaye shi ta bayan zana, wane nisa za a auna wa abin da ko kaza bai taɓa tsallakewa ba? Ya yi dariya ya ce doka ce.

Na uku, kuma nan ne cikina yake ƙuna. Lawali yana da wata kakar ta wajen uwa a Gummi, Hajiya Kulu. Kishi nake yi, ranka ya daɗe, rubuta shi da manyan baƙaƙe. Wannan baiwar Allah ta hau jirgi na gaskiya ta je Makka, ta dawo da haƙori mai walƙiya. Ba sunan da za a yi ba ta ba mu labarin yadda gajimare ke ƙarƙashin ƙafarta ba, da yadda ake kawo abinci a faranti mai murfi. Ni kuwa abu mafi tsawo da na taɓa hawa rumbu ne. Lokacin da jikan nan yake ƙone yatsunsa da walda, cewa ta yi hauka ce, a nema masa mata. Amma da ta ji kwamiti ya shigo, 'yan rediyo za su zo, sai ta sa surukinta mai sayen tsoffin ƙarafa a Kano ya samo allo daga wani mataccen jirgi. Ya iso a kwali, an naɗe shi da bargo kamar jinjiri.

To, allon ya kai faɗin ƙyauren taga, gaban jirgin kuwa faɗin gadona ne, bai shiga ba. Sai Lawali ya sa zarto ya yanke ƙarafa biyu na gaba, ya buɗa su, ya ƙara wasu. Allo ya shiga, gwiwoyinsa suka rasa wuri. Sai ya ja kujerarsa baya. Me ke baya? Ni. Ya jira na tafi ta'aziyya Bagega ya yanke kujerata. Na dawo na tarar da ita bayan rumbu, kaza ta yi ƙwai a kan matashina. Da na tare shi a zaure sai ya kama sosa ƙeya yana cewa, "Kaka, wallahi injiniya ne." Ƙasan allon kuma an rubuta da jan fenti wai kyautar Hajiya Kulu. Ƙarfen da aka rubuta sunan nata a kai, a kansa nake rataya gidan saurona a da.

Na huɗu. Allah ba ya barin tsohuwa. Da aka ɗaura allo, aka ƙara masa ƙaton batir, sai jirgi ya kifa da hanci, jela a sama, kamar kaza na tsintar tsaba. Aka kira injiniyanku a waya, ya ce gaba ya yi nauyi, a sa wani abu mai nauyi a baya. Ka san abin da suka yi? Suka ciko buhu da yashin gulbi, suka ɗaure shi daidai inda kujerata take. Ashe akwai wuri! Ga buhun nan zaune ya miƙe ƙafa, an ma ɗaura masa ɗamara don kar ya faɗi.

Ban yi gardama ba. Na sa matan gida suka sauko da buhun, muka gindaya katako a kan turmi, aka ɗora shi a wancan gefe, na hau wannan. Ya ɗan rinjaye ni. Na ce a miƙo mini buta da ruwa da ƙullin gorona. Katako ya tsaya cak. Mata suka yi guɗa, har da waɗanda suka ce tsufa ya taɓa ni. A shirye nake a sake gwadawa a gabanka.

Saboda haka ga roƙona.

A sauke buhu a sa ni. Ba na neman a mayar da kujera, kaza ta riga ta kwanta, a ba ni wani matashi da ɗamarar buhun sun ishe ni. Buhu ba ya addu'a, ni kuwa zan yi tun daga tashin inji. Buhu bai san ya karkata a kwana ba, ni na saba hawan kabu-kabu a hanyar Bagega da damina. In injiniya na tsoron kar wani abu ya same ni, ka tuna masa jirgin nan gudu yake yi a ƙasa, ya ta da ƙura ya kori awaki. In kuma ranar Allah ya nufe shi da tashi, ni na roƙa da bakina, ga hannuna a takarda.

Sunan Hajiya a bar mata, kada a goge. A ba ta kujera a rumfar manyan baƙi, a layin gaba, inda ba kan da zai tare mata. So nake ta gan ni sosai in mun wuce, zan ɗaga mata hannu.

In kuwa kun ce doka ta fi son buhu, to ku sani ban sayar da gadon nan ba, ban kuma ba da shi kyauta ba, sharaɗi muka yi aka karya. Ranar baje koli zan riga ku zuwa fili da zarton Lawali, in kwashe ƙarafana, a mayar wa ƙanwarsa gadonta. Allon kuma a kai wa Hajiya ta kafa a bangon ɗakinta, ta riƙa duba nisanta daga ƙasa.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya raya zuriyarka, ya ba ka jikokin da ba sa taɓa zarto in kakarsu ta fita unguwa. Ya sa a yi taro lafiya a watse lafiya.

Wassalam.

Taku,
Tumba kakar Lawali, Anka.