Tayoyin da Leszek Ya Sayo

Jeleniewo, ƙarshen Oktoba

Yayata Wanda,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da jikokinki. Ya ƙafar, kumburin ya saɓe? Mu nan lafiya, sai wani abu da ya tsaya mini a rai, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Leszek ya sayi tayoyin hunturu. Sake karantawa, ban yi kuskure ba. Mijina dai, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan bas a hanyar Suwalki, wanda duk ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka yake tsayawa a taga yana yi wa masu layi a ƙofar Bogdan mai faci dariya. Kin san karatunsa: "Hannu ke tuƙi, ba roba ba. 'Yan kasuwa ne kawai ke tsorata ragwaye." To shi ne tun ganye bai gama zuba ba ya je aka ɗaura wa motarmu sababbi fil.

Na fara ɗauka Bogdan ne ya yi masa daɗin baki, don haka na je na titsiye shi. Ya ɗaga hannuwa ya ce, "Haba Uwargida Lucyna, ni da na roƙe shi har na gaji? Da ƙafarsa ya zo, ya ce in ba shi waɗanda suka fi kama ƙasa, ko nawa ne." Ko nawa ne, Yaya! Mutumin da ke jiƙa ganyen shayi ɗaya sau biyu.

Da na tambaye shi a gida, cewa ya yi wai an tsufa, ya ƙara ƙarar rediyo. Ni ban yarda ba. Namiji ba ya sauya ra'ayin da ya tsufa da shi haka kawai, kuma zan sa masa ido.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Lucyna

Jeleniewo, tsakiyar Nuwamba

Yayata Wanda,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da wasiƙarki. Kin ce in gode wa Allah mijina ya yi hankali. Ki ji sauran tukuna, sannan ki sake yanke hukunci.

Ranar da aka je kunna kyandir a maƙabarta, sai ya miƙo mini makulli, wai kafaɗarsa ke ciwo. Ni da rabona da sitiyari tun ana goyon 'yarmu Renata, don kullum cewa yake ina wahalar masa da kuloci. Na tuƙa mu har can, bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Na kunna wa su Mama kyandir har da naki.

Ya daina karanta jarida, sai ya zauna ya ƙura wa bango ido kamar mai tunanin wani wuri. Jadwiga maƙwabciya ta kawo mini ƙara cewa ta gaishe shi da hannu daga tsallaken titi ya share ta. Ga babbar: duk Laraba sai ya yi aski, ya saka rigarsa ta zuwa coci, ya tafi Suwalki, kuma a bas! Wa ke kashe wa mota wannan kuɗi ya bar ta a gareji? In ya dawo idonsa jawur, ya ce iska ce.

Shekaranjiya wayarsa ta yi ƙara yana wanka, na ɗauka. Muryar mace ce, yarinya, mai laushi. Ta ce a gaya wa Malam Leszek tana jiransa Laraba kamar kullum. Kafin ta ƙara wata kalma na kashe.

Sannan da dusar farko ta sauka, ya tasa ni zuwa filin bayan coci ya ce in yi ta zagaye. "Taka birki da ƙarfi, tsohuwa! Kin ji yadda suka cije? Sake." Har da nuna mini yadda ake kankare gilashi da inda ake zuba ruwan wanke shi. Yaya, ban zama wawiya ba. Mutumin nan shiri yake in iya rayuwa ba shi. Ya saya mini tayoyi ne don ya tafi da zuciya a sake, kada a ce ya bar matarsa a ƙauye ba hanyar fita. Ina dafa masa miyar kabeji ina kallon ƙeyarsa, ina jin kamar in kife masa tukunyar. Laraba mai zuwa zan bi shi.

Kada ki gaya wa Renata komai.
Taki, Lucyna

Jeleniewo, farkon Disamba

Yayata abar ƙaunata,

Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Na bi shi. Ranar hanya ta daskare ƙwarai, kuma kin san gangaren nan na bakin tafki. Wata motar burodi na kwance a rami, direban yana tsaye yana waya. Na taka birki yadda ya koya mini, motar ta tsaya cak a bayan bas ɗin kamar an riƙe ta da igiya. Ko a lokacin haushi na ji, wai tayoyin rabuwarmu ne suka cece ni.

Ya sauka a gari ya shiga wani gini. Asibitin ido ne, amma kishi bai bar ni na gane ba, cewa na yi ashe a nan take aiki. Na ajiye mota daf da ƙofa na jira, ina haɗa maganganun da zan zazzaga musu.

Can sai ga su. Yarinya ce cikin farar riga, ta riƙo gwiwar hannunsa, tana gaya masa inda matakala ta ƙare. Ta sake shi ta koma ciki. Ya taho yana jan ƙafa a hankali, ya zo gab da motarsa, wadda yake wankewa duk Asabar. Ya dube ni ta gilashi, fuska da fuska, ya wuce.

Na kasa kiran sunansa, sai na tada mota na matsa a hankali. Ya tsaya, ya karkata kunne. Ya ce, "Lucyna, ɗage ƙafarki daga kan kulocin nan."

Ya shiga ya zauna a kujerar dama, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Tsakiyar ganinsa ce ke tafiya, ido biyun duka. Magani jinkirta abin kawai yake yi, kuma likita ya ce ya manta da tuƙi. Tun bazara ya sani. Na ce, "Don me ka ɓoye mini, kai mugun tsoho?" Ya ce, "In na faɗa miki ya tabbata ke nan." Na yi kuka har gilashi ya yi gumi, shi kuma yana ta lalubar maɓallin iska, ya same shi ba tare da ya duba ba.

Da muka kama hanya ya tambaye ni, "Gangaren tafkin fa, tayoyin sun riƙe?" Na ce sun riƙe. Sai ya ce, "To kada ki gaya wa Bogdan."

Muna nan tafe wurinki a Gdansk jajibirin Kirsimeti, ki tanadi kifi da yawa. Ni za ki gani a sitiyari. In ya ce miki kafaɗarsa ce, don Allah ki yi masa sannu kawai.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanwarki har kullum, Lucyna