Koren Fakon Gurbin Bore

Daga Jangeru, ƙasar Shinkafi

Zuwa ga ɗana Zayyanu, ofishin gandun daji, Ƙaura Namoda.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya. Ni ne kawunka Gado, ɗiyata Saliha ka rubuta min.

Shekara uku ke nan da kunka kewaye fakonmu na Gurbin Bore da waya, munka haƙa ramuka, kunka watsa irin ciyawa. Direbobi sun ce wurin ya yi kore shar. An ce kai za ka auna, kuma da takardarka za a buɗe. Ɗana, shanuna shida sunka rage, nan kuwa gonaki sun cinye makiyaya. Kyalla, saniyar da ka sha nononta, sai an kama mata wutsiya take tashi. Ka rubuta ƙasa ta rayu, in maido su gida.

Allah shi yi ma albarka.

*

Daga Ƙaura Namoda

Kawu, ina gaisuwa da ladabi.

Na je, kuma na dawo da baƙin ciki. Muna da wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, taku ɗaya kowane gefe. Mutum yakan juya baya ya jefa shi, don kada ido ya zaɓi wuri mai kyau, sannan ya tsuguna ya ƙirga abin da ya tsiro a ciki. Na jefa sau hamsin.

Direbobi ba su yi ƙarya ba, kore ya rufe kashi takwas cikin goma. Sai dai kusan duka garmani ne da tafasa, ka kuwa san saniya ko kallonsu ba ta yi. Kyasuwa, wadda shanu ke ci, sau uku kawai ta faɗo cikin ƙarfen. Gamba ko ɗaya.

Ka gafarce ni, Kawu. Ka tuna an ce kada a zuba taki, amma tausayin ƙasa ya sa kuka sharo kashin awaki daga kasuwar Shinkafi, amalanke bakwai? A ciki irin garmanin ya zo. In aka buɗe bana, shanu za su cinye 'yar kyasuwar kafin ta zubar da iri. Sai an tuge garmanin, an ƙara damina biyu.

Ɗanka, Zayyanu.

*

Daga Jangeru

Zayyanu, gaisuwa.

Mi kake nuhi? Ni da na ciyar da ƙasa, ni na kashe ta? Wane irin awo ne wanga da mutum ka juya ma abu baya? Ka koma gindin tsohuwar rijiya, ka buɗe idonka, ka aje ƙarfen inda ciyawa take. Damina biyu Kyalla ba ta kai.

Kawunka.

*

Daga Ƙaura Namoda

Kawu, ina durƙushe ina gaisuwa. Ba zan iya ba. Na miƙa takardar jiya. Ka yafe mini.

Zayyanu.

*

Daga Gurbin Bore

Yaya Zayyanu, sallama. Saliha ce, yau ba wanda ya sa ni rubutu, kuma ban da ƙarfin tsokanarka.

Baba ya koro shanun, kwana biyu a ƙasa, don ya ƙaryata ka. Ya zura hannu ta waya ya tugo kore cike da hannu, ya kai bakin Kyalla. Ta sunsuna ta kau da kai. Da la'asar ta kwanta, aka yanka ta. Sauran biyar ya ba Labbo makiyayi kiwo, sun yi arewa, ba mu san ranar ganinsu ba.

Tun ranar mai gadin fakon ke barin Baba ya shiga da safe. Yana tuge garmani ɗaya bayan ɗaya, hannayensa duk sun tsage. Jiya dai ya ce in gaya ma, in damina ta zagayo ka zo da ƙarfenka, kuma ka jefa ta baya yadda ka saba.

Ka gaida gida.