Rigar da ka sa mijina ya tsaya da ita gaban inji

Zuwa ga Manajan kamfanin casar hatsi da matsar man gyaɗa da ke kan hanyar Karaye zuwa Rogo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ina neman afuwa in rubutuna bai yi kyau ba. A aji shida na tsaya, kuma ban bari kowa ya rubuta mini ba, don kada a sassauta maganata. Na aika ta jarida ne saboda sau biyu ina zuwa ofishinka bayan na fita takaba, maigadi yana cewa ba ka nan, alhali ga fijo ɗinka a gindin darbejiya.

Yallaɓai, ni ce matar mutumin da injinka ya kashe bayan ƙaramar sallar bara. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce Baban Rabi. Yau zan rubuta shi don ka karanta: Isuhu. Shi ne mai kula da babban injin casa tun ranar da aka kafa shi, tun kafin a san za ka zo.

Na farko, maganar dokarka.

Kafin zuwanka, masu aikin inji wandon jins suke sawa da ƙaramar riga mai gajeren hannu. Baban Rabi a gwanjo yake sayen nasa idan ya shiga Kano. Ba don gayu ba. Yadin yana da kauri, ba ya lilo, kuma yana jure baƙin mai. Ni nake wankewa, na san yadda yake cin hannu. Kana zuwa ka tara su ka ce jins kayan 'yan iska ne da 'yan tasha, kuma masu kamfanin suna kawo baƙi daga birni, ba za a ga ma'aikata kamar 'yan daba ba. Ka ce kowa ya ɗinka kaftani ruwan toka har ƙasan gwiwa, mai dogon hannu, daga akawu har mai inji.

Akawu yana zaune kan kujera da biro. Mijina yana tsaye gaban bel mai gudu, wato igiyar robar da ke juya inji, wanda ko buhu ya kama sai ya yaga shi. Ta yaya riga ɗaya za ta yi musu?

Na biyu, ba za ka ce ba a gaya maka ba.

Mijina ya same ka a ofis ya yi maka bayani da ladabi. Ka ce shi ba zai koya maka aiki ba. Washegari ya tafi da jins ɗinsa, ka sa aka mayar da shi daga ƙofa a gaban yaran da shi ya koya wa aiki, ka ce in ya ƙara ya nemi wani wurin. Ya dawo gida da hantsi ya zauna a zaure, ko kunun da na kai masa bai taɓa ba. Muna da 'ya'ya huɗu da tsohuwarsa. Sai ya kai yadi wurin tela.

Da ya fara sa kaftanin, ya yi dabara. Yakan naɗe hannun rigar, ya yi zanzaro, ya cusa ƙasanta cikin wando. Ka zo zagaye ka gan shi, ka ce ya fitar, wai ya mayar da kayan mutunci abin dariya. Wannan ba ji na yi a gari ba, shi ya gaya mini da bakinsa, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, abokan aikinsa kuma sun tabbatar.

Ka kuma fake da addini, ka ce shigar Musulmi kake so a yi. Na aika an tambayi malamin mijina na Kurugu, wanda ya yi masa saukar Alƙur'ani. Ya ce shi bai san inda aka hana mutum sa tufar da ta rufe masa jiki ta kuma tsare masa rai a wurin sana'arsa ba. Kuma Baban Rabi bai taɓa yin salla da kayan aiki ba. Kullum da farar jallabiya a leda ɗaure bayan kekensa, in an kira azahar ya wanke hannu da toka ya sauya. Kai da ka damu da shigarsa, ko sau ɗaya ka leƙa ka ga wanda yake jan su salla a bayan sito? Shi ne.

Na uku, ranar.

Ba zan faɗi duk abin da na gani ba, saboda 'ya'yana za su girma su karanta. Bel ya zame, ya sunkuya zai gyara kamar yadda ya saba, ƙasan rigar ya shiga. Kafin a kashe inji an gama. A tabarma aka kawo shi a bayan a-kori-kura. Ni na goge rigar nan da safe da dutsen guga na gawayi, har yana tsokanata wai na mayar da shi ango.

Na yarda kwanansa ne ya ƙare, ba na jayayya da Ubangijina. Amma da kai ina yi.

Na huɗu, abin da ka faɗa a zauren gidanmu.

Ka zo ta'aziyya, na gode. Sai dai tsakanin zaure da inda nake zaune zana ce kawai, kuma na ji ka. Ka ce wa dattawa marigayi mutumin kirki ne amma yana da ganganci da inji. Yallaɓai, mutumin da ya yi shekaru yana wannan aiki ko farce bai taɓa rasawa ba, shi ne mai ganganci? Maganar ta bi gari. Ɗana Sani ya dawo daga makarantar allo yana kuka, wani yaro ya ce masa babansa ne ya kashe kansa da wauta. Ka sa masa rigar da ta ja shi, ka kuma bi shi har gida ka ɗora masa laifi yana kabari.

Na biyar, wanda shi ne ya hana ni barci.

Ba a yi sadakar bakwai ba aka wanke injin aka tayar. Dokar tana nan, ko wasali ba ka canja ba. Wanda ka ba aikin kuma Sule ne, ƙanin mijina, ka ce taimako ne ga iyalin marigayi. Sule ya karɓa don shi ke ciyar da gida biyu yanzu. Kullum da safe yana wucewa ta ƙofarmu a kan keke, kaftani ruwan toka yana kaɗawa a bayansa. Inna, mahaifiyarsu, 'ya'ya maza biyu ta haifa. Tana fitowa ta tsaya har ya ɓace, sannan ta koma ɗaki. Ni ce zan yi magana a madadinta.

Ga abin da nake nema. Ka janye dokar nan ga duk mai tsayawa kusa da inji, ka bar su su sa jins ko duk abin da ba ya lilo. Akawunka ya sa babbar riga in ya ga dama, ba ruwana. Ka sa a yi wa bel ɗin murfi na ƙarfe. Sannan ka dawo zauren da ka yi maganar nan, gaban dattawan da suka ji ka, ka ce ba gangancinsa ba ne. Sani zai zauna a wurin.

In kuwa har yanzu kana ganin dokarka daidai ce, to ka sa kaftanin nan, ka sake shi har ƙasa yadda ka ce a yi, ka shiga ɗakin inji ka tsaya inda Sule yake tsayawa daga safe zuwa azahar. In bel ya zame, kai za ka sunkuya.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon kwana, ya shirye ka, ya raya maka zuriya. Allah kada ya nuna wa matarka abin da ya nuna mini.

Wassalam.

Binta, matar marigayi Isuhu mai inji,
Ruwan Bago, Rogo.